Hukuncin matar aure ta koma karatun manya don ta kama aiki

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da basira. Shekarata 15 da aure, 'ya'yana huɗu, bana autan ya shiga firamare. Ina aji uku na sakandare aka yi mini aure, daga nan karatu ya tsaya. Yanzu an buɗe ajin karatun manya kusa da mu, kwana uku a mako bayan la'asar, ana koyar da karatu da lissafi da kwamfuta, wadda ta kammala a ba ta takardar shaida. Burina in samu aikin koyarwa a makarantar ƙananan yara. Maigidana ya yarda, amma da sharaɗin idan na fara ɗaukar albashi, kuɗin makarantar yara ya dawo wuyana. Yayansa kuma ya ce fitar ma haramun ce, ya karanto mini ayar "ku tabbata a gidajenku", ya ce kuma akwai maza a cikin malaman. Malam, mene ne matsayina?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yar'uwa, karatun nan halal ne, aikin da kike nema halal ne, tunda maigidanki ya yi izini. Sharaɗin da ya gindaya ne yake buƙatar gyara, zan zo kansa.

Mu fara da ayar. Tana cikin Suratul Ahzab, aya ta 33, kuma maganar da matan Annabi (SAW) ake yi, ko da yake malaman tafsiri da dama sun ce ladabin da ke ciki ya haɗa da sauran mata. Mun karɓa. Amma waɗanda ayar ta sauka a kansu su suka fi mu sanin ma'anarta, kuma ba su fahimci cewa an rufe ƙofa ba. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya ce wa Nana Sauda bayan saukar hijabi: an yi muku izini ku fita don buƙatunku. Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa an saki ƙanwar mahaifiyarsa, ta fita za ta girbe dabinonta, wani mutum ya tsawata mata. Da ta kai ƙara, Annabi (SAW) ya ce ta je ta girbe, wataƙila ta yi sadaka ko ta yi wani alheri. Mace ce a cikin idda, lokacin da aka fi ƙuntata fita, aka bar ta ta je wurin sana'arta. Abin da ayar ta hana yana nan a ƙarshenta: fitar bayyana ado irin ta jahiliyyar farko, da yawon da ba shi da dalili.

Fita don ilimi kuwa, matan sahabbai da kansu suka nema. Suka ce wa Annabi (SAW) maza sun rinjaye su a wurinsa, ya ware musu rana, ya kuma ware, kamar yadda Bukhari ya kawo daga Abu Sa'id Alkhudri. Wani zai ce ai wannan ilimin addini ne. To, Abu Dawud ya ruwaito cewa Shifa'u 'yar Abdullahi ta koya wa Nana Hafsa rubutu, Annabi (SAW) ya sani, har ya nemi ta ƙara mata da wani ilimin. Nana Hafsa a lokacin matar aure ce, ba yarinya ba. Haka Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, jajis suna ɗaukar karatu suna kai wa mata har inda suke. Karatun manya ga mata ba baƙon abu ba ne a wurin malamanmu. Ina jin ciwon yadda ake barin uwa ba ta iya karanta takardar maganin ɗanta, ko duba littafinsa idan ya dawo daga makaranta, sannan a kira wannan tsare addini.

Batun malamai maza: idan akwai ajin da mata ke koyarwa, shi ya fi, ki zaɓe shi. Idan babu, namiji ya koyar da taron mata bai haramta ba. Abin da hadisi ya hana shi ne keɓancewa, namiji da mace su kaɗai ba muharrami. Ki kiyaye suturarki, ki bar turare idan za ki fita, magana ta tsaya a kan darasi, kuma wannan ya haɗa da saƙon waya bayan an tashi. Yayan mijinki yana da haƙƙin nasiha da girmamawa, amma izini ba a hannunsa yake ba.

Yanzu sharaɗin. Ciyarwa, tufatarwa, muhalli da ɗawainiyar 'ya'ya a kan uba suke, gwargwadon halinsa, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 233 da Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 7. Wadatar mace ba ta sauke wannan nauyi, ko da ta fi mijin samu. Abin da ta samu da guminta nata ne: "maza suna da rabo daga abin da suka tsiwirwirta, mata suna da rabo daga abin da suka tsiwirwirta" (Nisa'i, 32). Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa ta tattauna wannan mas'ala a zamanta na 16 a Dubai, shekarar 2005, ta yanke cewa fitar mace aiki ba ta soke ciyarwarta, kuma bai halatta miji ya rataya izininsa a kan sai ta ɗauki ɗawainiyar da ke kansa ko ta ba shi wani kaso na albashi ba. Ta kuma ce kuɗin da aikin ya jawo mata ita kanta, kamar na mota, ita za ta biya. Wannan shi ne abin da nake gani daidai.

Amma kada ki ɗauki wannan amsa ki je ki buga masa a fuska. Mai yiwuwa nauyi ne ya yi masa yawa, kunya ta hana shi faɗa kai tsaye. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud tana ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, ta aika Bilal ya tambayar mata, aka ce tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Idan kin ga dama ki ɗauki kuɗin makarantar yaro ɗaya ko biyu, ko dukansu, Allah ya saka miki. Bambancin shi ne ya fito daga daɗin ranki, ba farashin izini ba, kuma duk watan da kika gaza babu laifi a kanki. Ku zauna ku biyu ku fayyace tun kafin albashin farko ya shigo, domin bayan kuɗi sun zo magana tana yin wuya. Ki kuma sani, a mazhabar Malikiyya miji yana iya hana matarsa kyautar da fiye da sulusin dukiyarta, ko da yake mafi yawan malamai ba su tafi a kan haka ba. Wannan hani ne ga kyauta mai yawa, ba ƙofa ce da zai ci dukiyarki ba.

Abu guda ne zai iya juya hukuncin, wato yara. Hadisin Ibn Umar ya ce mace makiyayiya ce a gidan mijinta, za a tambaye ta abin da aka ba ta kiwo. Kwana uku bayan la'asar, wa zai zauna da autan? Kada a jibga wa babbar 'yarki reno har nata karatun ya lalace, a maimaita abin da ya same ki. Idan mahaifinsu yana gida a lokacin, ya zauna da su, ai 'ya'yansa ne, kuma Annabi (SAW) yana hidimar iyalinsa kamar yadda Nana A'isha ta shaida. Aikin da kika zaɓa ya sauƙaƙa abin, tunda lokacin tashinki da hutunki za su zo kusa da na yaranki. Idan daga baya cutarwa ta gaskiya ta bayyana a kansu, maigida yana da damar ya nemi ki rage ko ki dakata, ke kuma ki saurare shi; amma ba ya halatta ya janye izini don kawai ya ƙuntata miki ko don kin ƙi miƙa albashi.

Ki yi istihara, ki je ki rubuta sunanki kafin aji ya cika. Allah ya buɗa miki, ya shirya zuriyarki. Allah ne mafi sani.