Iskar Jos, Zafin Sakkwato da Nauyin Jiki: Amsoshin Wasiƙunku

Daga wata malamar makaranta, Sakkwato:

"Assalamu alaikum. Ni haifaffiyar Jos ce, a can na yi karatu na kuma fara aikin koyarwa, kuma duk zamana a can nauyina bai taɓa wuce kilo 58 ba. Aure ya kawo ni Sakkwato shekara biyu da rabi da suka wuce, na haihu sau ɗaya, yanzu sikelin asibiti yana nuna kilo 70, tsawona kuwa mita 1.62 ne. Abin da yake ɗaure mini kai shi ne, gumin da nake yi a nan ban taɓa yin kwatarsa a Jos ba, amma maimakon in rame sai ƙara cika nake yi. Yayana ya ce iskar tudu ce take hana mutanen Filato ƙiba. Surukata kuwa murna take yi, tana cewa gidan ya karɓe ni. Maganar wa zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, Malama. Maganar yayanki tana da tushe, sai dai ya ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Gaskiya ne idan mutum ya hau tudu mai tsayi sosai iska tana yin sako-sako, ta yadda oksijin ɗin da huhu yake samu a kowane numfashi yake raguwa, zuciya ta ƙara bugawa, sha'awar abinci ta ja baya, shi ya sa masu hawan manyan duwatsu suke saukowa a rame. Amma wannan tasiri yana fitowa fili ne idan an kai wajen mita 2,500 bisa doron teku ko fiye da haka. Jos tana kan tsayin mita 1,200 ne da ɗoriya, Sakkwato kuma wajen mita 300. Ko Gembu da ke kan tsaunin Mambila ba ta kai mita 2,000 ba, kuma Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Ratar da ke tsakanin garinku da garin aurenki ba ta isa ta ɗora wa mace kilo 12 ba.

Idan kina son hujja daga waje, dubi babban birnin ƙasar Meziko, wanda yake kan tsayin mita 2,240, kusan ninki biyu na Jos. Duk da haka ƙasar tana cikin waɗanda ƙiba ta fi addaba a duniya, har ta kai gwamnatinsu ta sanya haraji a kan lemon kwalba da sauran abin sha mai sukari a 2014, matakin da Najeriya ma ta bi da harajin naira 10 a kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021. Tudu bai kare su ba, domin abin da yake shiga baki ya rinjayi abin da iska take yi.

Abin da Jos ta yi miki, a ganina, shi ne ta sauƙaƙa miki motsi. A garin da rana ba ta duka, mace tana iya takawa daga gida zuwa makaranta, ta biya kasuwa, ta hau gangare ta sauka ba tare da ta kira abin da take yi motsa jiki ba. Ga kabeji da karas da koren wake a araha, ga gwate da tuwon acca, abincin da yake cika ciki ba tare da maiƙo mai yawa ba. A Sakkwato kuwa, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafi yake haura digiri 40, duk mai hankali inuwa yake nema, tafiyar da ba ta wuce minti 10 ba sai an hau abin hawa, daga azahar zuwa la'asar kuma jiki a yashe yake. Zafin yana rage cin abincin rana, amma yana buɗe wata ƙofar da mutane ba sa lura da ita, wato abin sha mai sanyi da zaƙi. Robar lemo mai rabin lita tana ɗauke da sukari wajen giram 50, kimanin ƙaramin cokali 12, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda babban mutum ya sha a yini ɗungurungum, kuma ta ce rabin haka ya fi alheri. Kafin mace mai nauyinki ta ƙona abin da ke cikin robar nan guda, sai ta yi tafiyar sauri ta kusan minti 45. Zoɓo da kunun aya da fura ba su tsira ba idan an narka musu sukari kamar yadda masu sayarwa suka saba. Ƙara da wannan, daren bazara ba ya barin barci ya yi nauyi, ƙarancin barci kuwa yana tayar da sinadarin da yake sa jin yunwa, sai a tarar babban cin abincin ya koma bayan isha, lokacin da gari ya ɗan yi sanyi kuma babu sauran aikin da za a yi sai kwanciya.

Sai jego, wanda ina zaton shi ne ya kawo kaso mafi girma. Kwana arba'in na hutu da kunu da ƙauri da gasasshen nama gata ne da al'adarmu ta tanadar wa mai jego, kuma ba na cikin masu raina shi, domin jikin da ya yi ɗawainiyar wata tara yana bukatar a gina shi. Matsalar ita ce cimar jego takan zarce arba'in ta zama cimar yau da kullum. Kunun kanwa kuma a yi hattara da yawansa, saboda gishirin da ke cikin kanwa yana riƙe ruwa a jiki yana wahalar da zuciya, abin da likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka ja hankali a kai tun shekarun 1970.

Game da lissafin da ake yi don gane ko nauyi ya dace da tsawo, ana raba nauyi da tsawo sau tsawo. Kilo 70 a kan mita 1.62 yana ba da kusan 26.7, alhali a Jos kina kan 22. Daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai, daga 25 nauyi ya fara yin yawa, daga 30 kuma an shiga ƙibar da ake ɗauka a matsayin cuta. Kin ɗan haura iyaka ke nan, ba ki yi nisa ba. Na fi son ki ari tef ɗin tela ki auna ƙugunki daidai cibiya, domin kitsen ciki shi ne ya fi jawo ciwon sukari da hawan jini. Kada awon ya wuce rabin tsawonki, wato santimita 81.

Surukarki kuwa da zuciya ɗaya take murna, kuma ya kamata ki fahimci inda murnar ta samo asali. Iyayenmu da suka ga fari da yunwar 1973 da ta 1984 sun san rama a matsayin alamar babu, kuma har gobe idan amarya ta rame mijin ake zargi da rowa ko uwar miji da mugunta, bayan bayyanar ƙanjamau kuma sai rama ta ƙara ɗaukar wani zargin. Idan ta ce gidan ya karɓe ki, tana wanke ɗanta da kanta ne a idon dangi. Saboda haka kada ki tunkare ta da zancen kina son ki rame, domin a kunnenta ƙorafi ne. Ki ce mata, "Mama, a asibiti an ce in rage zaƙi da mai saboda hawan jini," bayan kin je an auna ki an kuma ba ki wannan shawara da gaske, ki kuma sa maigida ya mara miki baya. Cutar da ta gani a jikin ƙawayenta za ta fi saurin gamsar da ita a kan duk wani lissafi na kilo.

Sauran aiki ne na haƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, kuma a gari irin naku lokacinsa shi ne bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, ko da zagayen tsakar gida ne idan fita ba ta samu ba. Ki mayar da ruwan randa abin shanki, zoɓo kuma a haɗa shi da citta da kanumfari a rage masa sukari sannu a hankali har harshe ya saba. Ki rage malmalar tuwon dare ki ƙara miya da kwaɗon zogale ko rama, ki kuma riƙa auna man girki da cokali maimakon tuttulawa daga galan, domin babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana ɗauke da kalori wajen 120 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci yake ba jiki). Rage rabin kilo a mako ya wadatar, kuma idan har yanzu kina shayarwa kada ki yi wa kanki horon yunwa.

Daga wani ɗalibi, Kano:

"Malam, ni ina da tumbi, sai abokina ya ba ni shawarar in riƙa sa rigar ruwa ina gudu da tsakar rana domin kitsen ya narke. Ranar farko na auna na ga na rage kilo ɗaya da rabi, amma washegari ya dawo. Me ya faru?"

Ɗana, ka daina wannan tun yau. Abin da ka zubar ruwa ne da gishiri, lita ɗaya ta gumi kuma nauyinta kilo ɗaya ne, shi ya sa da ka sha ruwa sikeli ya koma inda yake. Kitse ba ya narkewa ya biyo gumi. Jiki yana ƙona shi ne a hankali idan abin da aka kashe ya fi abin da aka ci, kuma kilo ɗaya na kitse yana daidai da kalori wajen 7,700, abin da ba a kashewa a gudun rana ɗaya. Gumi yana sanyaya jiki ne idan ya bushe a kan fata, rigar ruwa kuwa tana hana shi bushewa, sai zafin ciki ya yi ta hawa har ya kai ga jiri da suma da lalacewar ƙoda, wani lokaci ma da mutuwa. Ka yi gudunka da sassafe cikin riga mara nauyi, ka sha ruwa har fitsarinka ya yi haske. Hunturu kuma, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, shi ne lokacin da Kano ta fi daɗin motsa jiki, sai dai a nan ne shayi mai kauri da burodi da wainar ƙwai suke cinye ribar.

Daga wata amarya mai jiran gado, Maraɗi:

"Saura wata uku bikina, gwaggonina sun ce na cika rama, za a ce ba a kula da ni a gida ba. Sun kawo mini wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira sha-ka-fashe, na yi mako biyar ina sha. Fuskata ta cika amma ƙafafuna suna nan yadda suke. In ci gaba?"

'Yata, wasiƙarki ce ta fi tayar mini da hankali. Son amarya ta cika ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba. A Muritaniya akwai al'adar ɗura wa 'yan mata nonon raƙumi da gero kafin aure, Efik na Kalaba kuma suna da ɗakin da ake killace amarya ana ciyar da ita. Bambancin yau shi ne an maye gurbin abinci da magani. Ƙwayoyin da ake sayarwa da wannan suna galibi ɗayan biyu ne. Akwai siproheptadin, maganin ƙaiƙayi da mura wanda yake buɗe ciki yana sa barci, akwai kuma deksametason, magani mai ƙarfi da likitoci suke bayarwa a cututtuka irin su asma mai tsanani. Siffar da kika bayyana, fuska ta kumbura ƙafafu suna nan sirara, ta fi kama da aikin na biyun. Yana tara ruwa da kitse a fuska da ƙeya da ciki, yana cinye tsokar hannu da ƙafa, yana haura da sukari da hawan jini, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki, yana kuma iya rikita jinin al'ada a daidai lokacin da kike shirin shiga gidan miji.

Sai dai kada ki yanke shi rana ɗaya. Bayan makonni ana shan irin wannan magani, jiki yakan rage samar da nasa sinadarin da maganin yake kwaikwayo, kuma dainawa kwatsam tana iya jawo kasala mai tsanani da amai da faɗuwar jini. Ki ɗauki ƙwayoyin da kwalinsu ki je asibiti cikin makon nan, ki faɗa wa likita adadin da kike sha da ranar da kika fara, domin ya tsara miki yadda za ki rage su mataki-mataki. Ki nemi a auna nauyinki da tsawonki. Idan lissafin nauyi da tsawo da na bayyana a amsar farko bai gaza 18.5 ba, nauyinki daidai yake, haka Allah ya halicce ki. Idan ya gaza, a duba ko akwai tsutsar ciki ko ƙarancin jini ko tarin fuka ko matsalar maƙoƙo, sannan a gina ki da fura da nono da ƙwai da wake da kunun gyaɗa da dabino, sau huɗu ko biyar a yini. Ki roƙi mahaifiyarki ko ɗaya daga cikin gwaggonin ta raka ki, ta ji bayanin daga bakin likita da kunnenta.