Goron da ake kai wa masu ƙasa

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai me ya sa duk Babbar Sallah sai an kai wa dangin Yarbawan nan ƙwarya biyu ta goro da 'yan kuɗi, alhali gidan Zangon Agege namu ne tun kaka da kakanni, kuma ko ba za a daina ba tunda kuna shirin rushe zaure ku yi shaguna? Na yi dariya, amma tambayar ba ta kwanta mini ba.

Ginin namu ne. Ƙasar kuwa aro ce, aron da ba a karɓewa muddin mai aro bai manta ba.

Bayan da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912, fataken goro suka yi ta sauka Agege, don gonakin goro na nan kewaye kuma ga tasha kusa. Kakan mahaifinka fatoma ne, yana sauke baƙi, ya ajiye musu kaya, ya ci la'ada. Shi ya sa gidan yake da wannan fasalin da kuke rainawa: zaure babba a gaba, ɗakunan baƙi shida suna kallon juna, sai ɗaki mai kaurin bango da 'yar taga ɗaya a arewa. Wannan ɗakin goro ne. Sanyi ake nema, don goro ba ya son rana ko iska. A kan kwance huhu bayan mako biyu, a tsince wanda sankara ta ci, a sake ganye, a ɗaure. Wanda ya yi sakaci, goro ɗaya ya ɓata masa huhu guda, ya rasa daushen da zai sayar da tsada.

Ranar da aka ba kakan naku filin, yadda manya suka ba da labari, shugaban dangin ne ya fito da dattawa huɗu, Baale, wato dagacin Yarbawa, na zaune. Al'adarsu a kawo kwalbar giya. Tsohon ya ce addininsa ya hana, ya ajiye goro fari ƙwarya biyu a tabarma. Aka yi shiru, sai shugaban ya ɗauki ɗaya ya fasa ya ci. Daga nan aka taka iyaka da ƙafa, aka dasa icen da suke kira peregun a kusurwa huɗu. Ba takarda, ba sa hannu. Shaidu ne da itatuwa, sai alkawarin kai abin da suke ce wa isakole, wato gaisuwar masu ƙasa, kowace shekara. Mahaifinmu kan ce baƙo raɓa ne, amma raɓar da ta san ganyen da ta sauka a kai ba a kaɗe ta.

Ku 'yan boko za ku ce ai dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta mai da komai hannun gwamna. Kotun Ƙoli ta yanke a 1991 cewa dokar ba ta kashe haƙƙin masu ƙasa a kan wanda suka ba wa zama ba. Kuma babban laifin da ke sa a kori irinmu shi ne musa cewa ƙasar tasu ce. Daina kai goron nan shi ne hujjar da za ka miƙa musu da hannunka.

In so kuke ku saye gaba ɗaya, akwai hanya. Shugaban dangi da manyan kowane ɗaki su sa hannu tare. In yara suka sayar babu shugaba, cinikin bai yiwu ba. In shugaba ya sayar shi kaɗai, sauran na iya rushe shi a kotu. Sai mai awo ya fitar da taswira, a kai Alausa, inda ofisoshin gwamnatin Legas suke, neman amincewar gwamna. Kada ka ba samarin da ke zuwa bakin gini ko sisi da sunan dangi, kuma abin da duk kuka kai, a je da shaidu biyu a karɓo rasit. Wannan ne mu ma muka yi wasa da shi shekara da shekaru.

Maganar zaure kuwa ba ta waya ba ce. Kafin ka zo, leƙa bayan rijiya ka gani ko icen kusurwar gabas yana nan, don na ji an ce maƙwabta sun ja katanga.