Tambaya da Amsa: Haɗa Kambin Ganye na Kirsimeti da Abin da Ke Tsirowa a Legas

Tambaya: Anti, barka da aiki. Sana'ata ƙawata wuraren biki ce a Agege, kuma bana wasu abokan cinikina Kiristoci sun nemi in haɗa musu kambin ganye irin wanda ake ratayawa a ƙofa lokacin Kirsimeti. Na roba da ake sayarwa a kasuwar Balogun ya yi tsada, su ma sun ce ya fita daga ransu. Shin zan iya tsinto kayan da kaina, alhali itatuwan da Turawa ke amfani da su ba sa tsirowa a nan? Daga wata mai karatu, Agege.

Amsa: Ƙanwata, za ki iya, matuƙar ba ki dage sai naki ya zama kwafin na Turai ba. Su can suna zaɓar ganyen da ba ya kaɗewa a tsakiyar sanyi, kuma sanyin ne ke riƙe musu shi kore har makonni. Daga Jamus ma irin wanda ake dasa wa kyandir ya samo asali, domin wani fasto mai suna Johann Hinrich Wichern ne ya haɗa shi a birnin Hamburg a shekarar 1839, a kan tsohuwar ƙafar keken doki, don yaran da yake kula da su su riƙa ƙirga kwanakin da suka rage kafin biki. A Legas kuwa zafi da laima ne za su yi miki hukunci, domin ko hunturun Disamba ba ya busar da iska a nan kamar yadda yake yi a Kano, kuma ɗanyen ganye mai taushi irin na darbejiya kan yi yaushi cikin kwana biyu ko uku, in an cusa shi da yawa kuma ya yi fumfuna. Saboda haka shawarata ita ce busassun kaya su fi yawa, ɗanyen ganye kuma ya zama mai kauri kawai.

Abin da ya fi kusa da na Turawa a ido shi ne itacen kazuwarina da ke tsirowa a yashin bakin teku wajen Lekki, wanda rassansa siraru ne kamar allura, yana kuma zubar da ƙananan 'ya'ya masu kaushi da za ki tsinta a ƙasa. Ki haɗa da ganyen mangwaro da ya ƙosa, da ganyen kwakwa da za ki tsaga ki kitsa, da dogayen kwasfan itacen nan mai jajayen furanni da ake shukawa a gefen titi. Jan launi kuwa, wanda shi ne ke fito da kambin, busasshen zoɓo da jan barkono na kasuwar Mile 12 sun wadatar, kuma a ganina sun fi jan ƙwallon roba kyau. Yankakken lemon zaƙi da aka busar, da kirfa da kanumfari, za su ba shi ƙamshi.

Ki lanƙwasa waya mai kauri ta zama zobe mai faɗin kamar santimita 30, ki naɗe ta da kaba ko igiyar rama don kada ganye ya zame. Daga nan ki riƙa haɗa rassa uku ko huɗu a dami guda, ki ɗaure da siririyar waya, kowane dami ya rufe gindin wanda ya gabace shi, duka kuma su fuskanci gefe ɗaya har ki zagayo. Kayan ado su zo a ƙarshe. Kafin duk wannan, ki shanya abin da kika tsinto a rana na yini ɗaya ko biyu don tururuwa da sauran ƙwari su fice.

Akwai abin da ban yarda ki taɓa ba, wato idon zakara, waɗannan 'ya'ya ja masu baƙin ɗigo. Sun dace da aikin sosai a ido, amma dafinsu na iya kisa idan yaro ya tauna ko da ɗaya ne. Haka 'ya'yan zurma suke, ruwan tumfafiya kuma yana lahanta ido.

Game da wurin tsinta, ki nemi izinin mai gida kafin ki yanki reshe, kuma kada ki taɓa itatuwan lambunan gwamnati da na kan titi, domin hukumar lambuna da wuraren shaƙatawa ta jihar Legas, wato LASPARK, ce ke kula da su, kuma sara ko datse su ba da izini ba laifi ne a dokar jihar. Gandun Lekki da gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, wato NCF, ta kafa a 1990 wurin kariya ne, ba a ɗaukar komai daga cikinsa. Ki haɗa kambin ana saura mako guda biki, ki kuma gaya wa mai saye ya rataye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, nesa da kyandir da hayaƙin janareta.