Waya ɗaya gare ni, ɗalibai tamanin: yaya zan yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ina koyar da lissafi da fiziks a wata sakandaren 'yan mata a Kurna. Ajina ya haura ɗalibai tamanin, ɗakin gwaje-gwaje babu kaya, wuta kuwa sai ta ga dama. Kullum ana ce mana mu koyar da fasahar zamani. To da me? Waya ɗaya ce duk abin da na mallaka. Wata malama, Kurna.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar yaran nan. Wayar da kike rainawa ta isa ki fara, muddin kin loda mata kaya tun daga gida.

Ki fara da PhET, wani shafin intanet mai ɗauke da gwaje-gwajen kimiyya da ake yi a kan allon waya ko kwamfuta. Jami'ar Kolorado ta Amurka ce ke kula da shi, kuma Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel ta fiziks a 2001, shi ya assasa shi a 2002. Kyauta ake sauke gwaje-gwajen daga shafinsu, in sun sauka ba sa cin data. Akwai wanda yarinya za ta haɗa batir da ƙwan fitila da yatsanta, ta ƙara batir na biyu ta ga haske ya ƙaru. Dokar Ohm ke nan a gaban idonta, wadda ke nuna cewa in ƙarfin batir ya ƙaru, wutar da ke gudana ma tana ƙaruwa. A lissafi kuma ki nemi GeoGebra, manhajar da ke zana jadawalin lissafi. Ki rubuta y = ax², ki riƙa canza a daga 1 zuwa 3, su ga lanƙwasar tana tsukewa, ki mayar da shi -1 su ga ta kife. Da alli, wannan sai ya cinye miki darasi guda.

Ki raba ɗaliban goma-goma, wayar ta zagaya. Amma kafin ta iso, kowane rukuni ya rubuta abin da yake zaton zai faru. In ba haka ba, kallo kawai za su sha su tashi.

Ga inda nake so ki fi ba da ƙarfi. Ranar jarrabawar gwaji ta WAEC da NECO, kaya za a ajiye wa yarinya ta taɓa da hannunta. Don haka ki samo zare mita ɗaya, ki karɓo noti wurin bakanike, ki ɗaura, ki rataye a ƙusa bakin ƙofar aji. Ɗaya ta ɗan ja shi gefe ta saki, ɗaya ta riƙe agogon wayar, aji duka su ƙirga zuwa da dawowa ashirin. Za su samu kusan daƙiƙa 40, wato 2 kowane zagaye, daga nan su fitar da ƙarfin jan ƙasa da kansu, wajen 9.8. Ki rage zaren zuwa santimita 25, lokacin ya koma rabi. Sai ki tambaye su: in aka sa noti mai nauyi fa? Yawancinsu za su rantse zai fi sauri. Ki bar su su yi musu son ransu, sannan a gwada, su ga lokacin bai canza ba. Na yi wannan da ɗalibaina, har aka buga ƙararrawa ba su daina gardama ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne makarantun da aka ba kwamfutoci, aka kulle su a ofis wai kada su lalace, alhali tun 2015 da kwamfuta ake zana JAMB. In akwai irinsu a makarantarku, ki roƙi shugaba a fito da su. In babu, ki kai kukanki ga ƙungiyar iyaye ko tsofaffin ɗalibai, a leƙa kasuwar wayoyi ta Farm Centre a Kano a tambayi farashin ƙaramar na'urar haska bango mai caji.

Kafin ki miƙa wa ɗalibai wayar, ki cika cajinta, ki kashe data, ki kulle hotunanki da saƙonninki.