Camry ta hannu: ka fara da takardu, ka je da sassafe

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a unguwar Ali Ɗan Sofo, nan Maradi. Wani dillali ya nuna mini Camry ƙirar 2008, ya ce ba ta sha tafiya ba, kwantarta 90,000 kacal. Fenti sumul, kilim yana sanyi. Me zan duba kafin in ƙirga masa kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a ɗaga murfin inji, ka ce a kawo takardu. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofarsa. Ka gwada ta ɗaya bayan ɗaya da wadda ke kan kart griz (takardar mallakar mota) da takardar duwan (kwastan). Muna dab da Ɗan Isa, motoci na shigowa daga Katsina, kuma wadda ba a biya wa duwan ba arharta tana ƙarewa ne ranar da aka tsayar da kai a shinge. In motar daga Amurka ta fito, na goma a jerin lambar shi ke faɗin shekararta: 8 na nufin 2008.

Wannan 90,000 kada ta ruɗe ka. Motar Amurka da mil take ƙirge, wato kusan kilomita 145,000 ke nan, kuma mai da kwanta baya ba aiki ne mai wuya ba ga wanda ya iya. Robar birki, fatar sitiyari da kujerar direba sun fi ta faɗin gaskiya.

Sai inji, inda kuɗinka zai zauna ko ya zube. Ka ce da dillali za ka zo da sassafe, kada kowa ya tayar da ita. In ka taɓa ka ji ɗumi, ka dawo gobe, don inji mai zafi yana ɓoye ƙara da hayaƙi. A tayar kana tsaye a baya. Shuɗin hayaƙi yana nufin tana ƙona baƙin mai, kuma injin lita 2.4 na Camry daga 2007 zuwa 2009 ya yi suna wajen shan mai saboda zoben fistin. Ba dukansu ba ne, amma ka zaro sandar awon mai ka gani da idonka. Ka kwance murfin da ake zuba man ma: in ka ga wani fari-fari kamar kindirmo, ana zargin ruwa ya haɗu da mai, gyaran kuwa sai an sauke kan inji. Daga nan a bar ta a kunne da kilim kamar minti ashirin, idonka kan allurar zafi, kunnenka kan fanka. Motar da allurarta ke hawa a tsaye da safe, me za ta yi a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40? Ka tambaya ko an cire mata tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa radiyata in inji ya yi zafi. Makanikai da yawa suna cirewa wai don zafin ƙasarmu. Ni dai in na ga babu shi, sai in yi zargin an rufe wata matsalar radiyata ce.

Fenti mai kyau ya sa ka ƙara bincike. Da yawa daga cikin motocin gwanjon Amurka hatsari ko ambaliya suka kai su can. Ɗaga kafet ka shinshina, leƙa ƙarafan ƙasan kujera ko sun yi tsatsa, duba ko tazarar ƙofofi daidai take hagu da dama. In ka murɗa makulli, fitilar jakar iska ta kama sannan ta mutu bayan ƴan daƙiƙoƙi. In ba ta kama ba sam, wataƙila an taɓa ta.

Ka tafi da makanikinka, ba na dillali ba, ku hau titin Tibiri ku ji ko giya na canzawa ba fizga, sannan ku sauka kan hanyar burji, can ƙafafu ke tona kansu. Taya kuma tana da lambobi huɗu na mako da shekarar da aka ƙera ta: 2318 na nufin mako na 23 a 2018. In tayoyin sun haura shekara shida, ka cire kuɗin sababbi huɗu daga farashin tun kafin a zo maganar la'ada.