Shin dole ne mai karɓar tallafin rashin aiki ya amshi duk aikin da aka kawo masa?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Maigidana ya yi shekara 8 yana aikin lantarki a wani kamfani a nan Gombe, sai aka rage ma'aikata wata 3 da suka wuce, sallamar ta haɗa da shi. Tun daga lokacin yayansa ne yake ɗauke da abincin gidanmu da kuɗin makarantar yara. Yanzu wani dillali ya zo da maganar aiki a wurin haƙar ma'adinai a wata jiha mai nisa, yana neman naira 80,000 kuɗin fom da na mota, babu takarda, albashin ma wai sai an isa can za a faɗa. Yaya ya ce dole ya tafi, domin ko a Turai wanda gwamnati take ba kuɗin rashin aiki ba shi da ikon ƙin kowane irin aiki. Dillalin kuma ya ce idan ya ƙi, ba za a bar shi ya ciri kashi 25 na fanshonsa ba. Hankalina ya ƙi kwanciya, ko barci ba na iya yi. Don Allah gaskiya ne?

Wata uwar gida daga Pantami, Gombe

Amsa

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yaye muku wannan ƙunci, ya kuma saka wa yayan maigidanki da alheri, domin riƙe gida biyu a wannan zamani ba ƙaramin zumunci ba ne. Maganar dillalin nan game da fansho ƙarya ce tsagwaronta. Maganar Yaya game da Turai kuwa rabinta gaskiya ne, rabinta kuskure, kuma wannan rabin na kuskure shi ne yake jefa mutane a rami.

Dokar gyaran fansho ta 2014 ta ba ma'aikacin da bai kai shekara 50 ba, wanda ya rasa aikinsa har ya yi wata 4 bai sami wani ba, damar cirar abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na kuɗin da ke asusunsa ba. Kuɗinsa ne da aka riƙa tarawa daga albashinsa da kuma kason da kamfani yake zubawa, ba kyautar kowa ba ce. Kamfanin da ke riƙe da asusun, a ƙarƙashin kulawar PenCom, wato hukumar kula da fansho ta ƙasa, zai nemi takardar sallama da sauran takardun shaida, amma babu wani ofishi da aka ɗora wa alhakin kawo wa mutum tayin aiki sannan ya hukunta shi idan ya ƙi, balle a ce dillalin da ko ofis ba shi da shi yana da ta cewa a ciki. Saura wata guda maigidanki ya cika sharaɗin. Sai dai ku tuna guzirin tsufa ne, kada a taɓa shi sai da lissafi.

Ban da wannan, Najeriya ba ta da tsarin biyan kuɗin rashin aiki irin wanda Yaya yake nufi. Shirin N-Power na samar wa matasa aiki da aka fara a 2016 naira 30,000 ya riƙa biya a wata, amma a kan aikin da matashi yake yi a makaranta ko asibiti ko gona. Shirin ayyuka 774,000 na gwamnatin tarayya ma haka ya kasance: mutum 1,000 daga kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata har wata 3, wato gurbi 11,000 ke nan ga ƙananan hukumomin Gombe 11. Hukumar NSITF, asusun inshorar ma'aikata, kuma diyyar rauni da mutuwa a bakin aiki take biya. Don haka hukuncin da ake tsorata ku da shi babu shi a ƙasar nan.

A ƙasashen da suke da tsarin, gaskiyar da ke cikin maganar Yaya ita ce ba a ba mutum kuɗi ya je ya kwanta. A Birtaniya mai karɓar tallafin yakan sa hannu a kan alƙawarin neman aiki, ana iya buƙatar ya shafe har awa 35 a mako yana nema, kuma idan ya ƙi aiki ba tare da dalili mai ƙarfi ba ana iya yanke masa kuɗin na kwana 91 a karon farko. Amma ko a can an ƙayyade nisan aikin da za a ce lallai ya karɓa, wato tafiyar da ba ta wuce minti 90 ba daga gidansa, kuma ana duba lafiyarsa da ɗawainiyar yaran da ke wuyansa. A Jamus doka ta fayyace lamarin da lissafi ga mai karɓar kuɗin inshorar rashin aiki: a wata 3 na farko yana da ikon ƙin aikin da albashinsa ya gaza na da da fiye da kashi 20 cikin 100, a wata 3 na biye fiye da kashi 30, daga wata na 7 kuma sai idan abin da zai shiga hannunsa bai kai tallafin da yake karɓa ba. A watan Nuwamba na 2019 kotun tsarin mulkin ƙasar ta yanke cewa zabge fiye da kashi 30 na tallafin masu ƙaramin ƙarfi, yadda ake yi a lokacin, ya saɓa wa tsarin mulki. A Amurka dokar tarayya ta hana jihohi yanke wa mutum kuɗi saboda ya ƙi gurbin da ya samu sakamakon yajin aiki, ko aikin da ladansa da sa'o'insa suka yi ƙasa sosai da abin da aka saba biya a yankin. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tattara wannan duka a yarjejeniyarta mai lamba 168 ta 1988, inda ta ce aikin da za a hukunta mutum a kan ƙinsa shi ne wanda ya dace da shi, a duba shekarunsa, da ƙwarewarsa, da daɗewarsa babu aiki, da halin da kasuwar aiki take ciki, da abin da aikin zai jawo wa iyalinsa.

Ki lura da abu guda a duk waɗannan ƙasashe: aikin da ake magana a kansa an san mai shi, an san ladansa, yana kuma cikin doka. Tayin da aka kawo wa maigidanki, da a ce can ne, dillalin ne zai amsa tambayoyin hukuma, ba shi ba.

Yanzu sai kuskuren da nake cin karo da shi kullum, wanda ya fi ƙaryar dillalai damuna, domin daga bakin mutanen kirki yake fitowa. Shi ne cewa wanda ba shi da aiki ya rasa haƙƙin tambaya, da babu gara ba daɗi, duk wanda ya tsaya bincike kuma malalaci ne ko mai girman kai. Iyaye suna faɗa, yayye suna faɗa, wani lokaci har a kan mumbari a faɗa, kuma duk da kyakkyawar niyya. Amma wannan magana ita ce jarin ɗan damfara. Ba ya buƙatar ya gamsar da matashin da ya zo ɗauka, domin ya san dangi za su yi masa wannan aikin kyauta, su kunyata yaron a gaban ƙannensa har ya gwammace ya shiga motar da bai san inda za ta sauke shi ba. Da wannan kunyar ake kwasar samarinmu zuwa ramukan haƙar zinariya, da ita ake kwasar 'yan mata da zawarawa zuwa aikatau a ƙasashen waje inda ake karɓe fasfo tun a filin jirgi, da ita kuma ake sa magidanci ya sayar da fili ko gonar gado ya sayi takardar ɗaukar aikin gwamnati ta bogi. Ba a kafa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, a 2003 don ƙawa ba. Safarar mutane sau da yawa da tayin aiki take farawa.

Masu wannan ra'ayi suna ɗauka cewa aiki mara kyau, in ya yi muni ƙwarai, iyakarsa ya zama daidai da zaman gida. Ba haka ba ne, yana iya fin zaman gida muni nesa ba kusa ba. Mutum ya biya 80,000 da ya ranto, ya yi wata 4 ana ce masa sai an sayar da kaya za a biya shi, ya dawo da bashi da ciwon ƙirji, a lokacin kuma abokan cinikin da suka san shi da gyaran wuta a Gombe sun koma wurin wani. Wannan ma idan ya dawo ke nan. Gubar dalma da ta fito daga sarrafa dutsen zinariya a Zamfara a 2010 ta kashe yara aƙalla 400, kuma a watan Yuni na 2024 rami ya rufta da masu haƙa da dama a ƙaramar hukumar Shiroro ta jihar Neja. Ban ce duk haƙar ma'adinai haramun ce ko halaka ba, akwai kamfanoni masu lasisi da suke ɗaukar ma'aikata bisa ƙa'ida, har ma suna buƙatar masu ilimin lantarki. Amma irin waɗannan ba sa ɓoye sunansu, ba sa kuma ɓoye albashi.

Ko a ƙasashen da aikin yake halastacce, binciken da aka yi a Suwizalan da Suwidin ya nuna cewa yanke tallafi yana sa mutane su karɓi aiki da wuri, amma sau da yawa aikin mai ƙarancin lada ne, kuma illar takan bi su har bayan sun koma bakin aiki. Akwai kuma asarar da al'umma take yi wadda ba a lissafawa: idan aka tilasta wa kowane mara aiki ya karɓi kowane lada, mai ɗaukar ma'aikata ba shi da dalilin biyan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, tunda ya san akwai wanda za a turo masa a kan rabin haka, sai ladan waɗanda suke bakin aiki ma ya faɗi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake jawo hadisi a ɗora a inda bai dace ba. Gaskiya ne Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mutum ya ɗauki igiyarsa ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri a kan roƙon mutane. Amma mai itacen nan ya san dajin da zai shiga, ya san kasuwar da zai kai, kuma kuɗin a hannunsa zai faɗa. Hadisin yana kore raina sana'a ne, bai ce a miƙa wuya ga wanda ba a sani ba. Malaman fiƙihu kuwa sun sanya sanin aikin da sanin ladan a cikin sharuɗɗan ingancin ɗaukar ma'aikaci, don haka yarjejeniyar "sai an je can" tun daga tushe gurguwa ce. Dokar ƙwadago ta ƙasa ma ta wajabta wa mai ɗebar ma'aikata ya mallaki lasisi, ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata 3 su cika da farawa, kuma a 2023 Najeriya ta amince da yarjejeniyar duniya mai lamba 181, wadda ƙa'idarta ita ce kamfanin samar da aiki ba ya cajin mai neman aiki. Cewa jami'an da ya kamata su sa ido a kan wannan ba sa fita daga ofis sai an kai musu ƙara abin kunya ne, amma rashin sa idon bai mayar da haramtaccen abu halas ba.

Duk da haka, Malama, kada ki ɗauki wannan amsa ki mayar da ita makami a kan Yaya, domin yana da haƙƙi, kuma haƙƙinsa irin na gwamnatocin can ne: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda yake ciyar da gidanku yana da ikon ya ga ana nema da gaske, yana kuma da ikon ya ce a sassauta buri yayin da watanni suke tafiya, kamar yadda dokar Jamus take sassautowa mataki-mataki. Idan gobe aka sami aikin haɗa wayar wuta a sabon gini a Tumfure, ko ɗora faranta masu amfani da hasken rana a Kumo ko Bajoga, ko gyaran injin ban ruwa a Dadin Kowa, ko da ladan bai kai rabin albashinsa na da ba, maigidanki ba shi da hujjar cewa ya fi ƙarfin wannan. Jiran sai irin kujerar da aka rasa shi ma cuta ne, kuma ina ganin masu shi da yawa.

Shawarata ita ce maigidanki ya je wurin yayansa da kansa, cikin ladabi, ba ke ba, ya nuna masa wuraren da ya nema da abin da yake shirin yi da kayan aikinsa a wata mai zuwa, sannan ya roƙe shi su zauna da dillalin tare. A gaban Yaya a nemi sunan kamfanin da lambar rajistarsa, da lasisin ɗebar ma'aikata, da sunan garin da ramin yake, da albashi a rubuce, da wanda zai ɗauki nauyin magani idan an ji rauni, kuma a shaida masa ba za a biya ko kwabo ba kafin a kai takardun ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Gombe a tantance. Idan ya kawo su suka tabbata, sai a zauna a duba nisan da ladan kamar kowane tayi. Idan kuma ya fara cewa gurbin zai wuce ko mota za ta tashi jibi, ku riƙe lambar wayarsa ku miƙa ta ga ofishin ƙwadagon ko NAPTIP, domin ba gidanku kaɗai ya shiga ba.