Amsa ga ƙanenmu na Daura: siginar da ke yin ja tun jirgi bai iso ba

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai da gari ya waye don in zauna in ba ka amsa a tsanake. Ka ce ka shimfiɗa layin dogo na ƙaramin jirgin ƙasa na wasa, mai ma'aunin girma na HO, mai zagaye a kan tebur, ka raba shi zango uku, kana tuƙi da DCC-EX (tsarin da ke aika wa jirgi umarni ta ƙarfen layi) a kan ƙaramin allon lantarki na Arduino, manhajar kwamfuta ta JMRI kuma na kula da sigina. Abu biyu suka hana ka sakat. Sigina tana yin ja tun jirgi yana tunkaro ta. Sannan takan koma kore alhali taragai ba su gama ficewa ba, wani lokaci ma ta yi ta ƙyaftawa tsakanin ja da kore. Duka biyun sun same ni a nan Katsina, kuma ba daga wuri ɗaya suke fitowa ba.

Ta farkon ba ta da wuya. Sigina ba zangon da take tsaye a cikinsa take tsaro ba, na gabanta take tsaro, kamar mai gadi da ke zaune a bakin zaure amma cikin gida yake karewa. A teburina na raɗa wa zanguna sunayen garuruwan da layin dogon Kano zuwa Maraɗi zai ratsa, wanda aka aza harsashinsa a 2021: Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya. Da su zan yi maka misali. Jirgi yana Kazaure, zai shiga Daura. Siginar da ke kan iyakarsu abu biyu kawai take son sani: akwai jirgi a Daura? Kuma me siginar shiga Mashi take nunawa? Idan Daura da jirgi, ja. Idan Daura babu kowa amma siginar Mashi ja ce, sai ta nuna ruwan ɗorawa, wato ka shigo amma ka rage gudu. In ba haka ba, kore. A cikin Simple Signal Logic, wato sashen JMRI da ake saita sigina, akwai gurbin sensar zangon da ake karewa (sensa ita ce mai gaya wa manhaja ko akwai jirgi a zango) da gurbin siginar gaba. Ina kyautata zaton sensar Kazaure ka sa a gurbin farko, shi ya sa da kan jirgi ya taka zangon sai siginar ta yi ja a idonsa. Ka musanya ta da ta Daura.

Idan ka duba ka ga sensar daidai take, to sai ka leƙa maganar gabas da yamma. A Layout Editor, inda ake zana layin a JMRI, iyakar zango ita ce ɗigon da ya haɗa guntayen layi biyu waɗanda ba zango ɗaya aka ba su ba, kuma kowane ɗigo yana karɓar sigina biyu, ta mai zuwa gabas da ta mai zuwa yamma. Manhajar da zanen da ke kan allo take auna wannan, dama ce gabas. A layi mai zagaye, jirgin da ya nufi gabas a saman zane, idan ya juyo ƙasa yamma ya nufa, alhali bai sake alkibla a kan tebur ba. Na yi kwana biyu ina neman wannan kuskure a nawa, siginonin sama suna aiki lafiya, na ƙasa duk sun juya baya.

Ta biyun ita ce babba, kuma ba a sigina take ba. Sigina abin da sensa ta gaya mata take maimaitawa. In sensa ta yi ƙarya, babu saitin da zai gyara ta. A dogon gaske, tun da William Robinson ya ƙirƙiro da'irar gano jirgi a 1872, wuta ce ke zagayawa cikin ƙarfen layi koyaushe, ƙafafun jirgi kuma su haɗe ƙarafan biyu su katse ta daga na'urar da ke riƙe da sigina. Ko waya ce ta tsinke, sigina ja take komawa. Namu na tebur akasin haka yake. Na'urar gano jirgi tana jira ne ta ji wani abu yana jan wuta a zangon. Idan ba ta ji ba, sai ta ce babu kowa, ko da tarago goma ne a jere a kai. Kan jirgi yana jan wuta ko a tsaye yake, saboda dikodar da ke cikinsa, wato 'yar na'urar da ke karɓar umarnin tuƙi. Tarago mai ƙafar roba kuwa ba ya jan komai. Da kan jirgi ya tsallaka iyaka, zangon baya ya zama wayam a idon manhaja.

Maganinsa ƙafafun ƙarfe ne da rizista, wato 'yar na'urar da ke taƙaita wutar da ke ratsa ta. Ana ɗaura ƙaramar rizista mai om 10,000 a kan gatarin ƙafa, ta haɗa ƙafar dama da ta hagu ta tsallake robar da ta raba su. Wutar layin HO wajen bolt 14 ce zuwa 15, don haka abin da taragon zai ja bai kai miliamfiya 2 ba, kaɗan ne ƙwarai, amma na'ura mai kyau za ta ji shi. Ni da gam nake manna ƙwayar rizistar, in ja siririn layi da fenti mai ɗaukar wuta daga kowane gefenta zuwa ƙafa, in bari ya bushe, sannan in auna da mitar awon wuta. Idan ba ka da halin yi wa duk taragai, fara da na ƙarshe, kuma ka sa a gatari biyu, don in ɗaya ya rasa taɓa layi ɗayan ya riƙe.

Ƙyaftawar nan kuma ƙura ce, mu da ke nan mun fi kowa saninta. A hunturun da na fara wannan aiki, na goge layi da la'asar, na rufe ɗaki, washegari na shafa yatsa a kan ƙarfen ya fito da jan layi. Na tura tarago ɗaya da hannu ina kallon teburin sensa a kwamfuta: a tsawon da bai wuce taƙi biyu ba, sensar ta kunna ta mutu ya fi a ƙirga. Kowace mutuwa, sigina ta yi kore na ɗan ƙiftawar ido. Abu biyu na yi. Na koma goge layi da ƙafafu da farin ƙyalle da ɗan sifirit kafin kowane tuƙi, ina kuma lulluɓe teburin da tsohon zanen gado. Sannan a teburin sensa na JMRI akwai wurin sa jinkiri, ɗaya na kunnawa ɗaya na mutuwa, da milisakan ake rubuta shi. Na kunnawa na bar shi gajere, 100. Na mutuwa na kai shi 2000, wato sai sensa ta yi daƙiƙa biyu cur ba ta ji komai ba kafin manhaja ta yarda zango ya zama fanko. Kada ka juya su. Ja ya zo da sauri, kore ya yi haƙuri.

Akwai kuma abin da zai same ka nan gaba, gara ka sani tun yanzu. Yankan da ka yi wa ƙarfen layi don raba zango da zango, idan fili ka bari kawai, zafin Maris da Afrilu zai rufe shi. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, balle ɗaki mai rufin kwano. Nawa ya haɗe tsakanin Mashi da Katsina, zangunan biyu suka riƙa kunnawa tare da rana tsaka, da daddare kuma su rabu kamar ba abin da ya faru. Na daɗe ina zargin Arduino kafin in sa tocila in ga bakin ƙarafan sun sumbaci juna. Ka sa mahaɗin roba, ko ka cusa siririn filastik a yankan, ka ɗiga gam, ka goge shi daidai da saman ƙarfe.

Shawarar da na fi so ka ɗauka ita ce ka raba gwajin gida biyu. Da farko manta da sigina ɗungurungum. Buɗe teburin sensa, ɗauki tarago ɗaya mai rizista, tura shi da yatsa a hankali ya zagaye layin. Kowane zango ya kunna daidai kan iyakarsa, ya zauna a kunne har tarago ya fita, maƙwabcinsa kuma kada ya motsa. Sai wannan ya tabbata sau uku a jere. Gwaji na biyu ba ya buƙatar jirgi ko kaɗan. Ƙirƙiri sensoshin cikin manhaja, waɗanda sunansu ke farawa da IS, kamar IS1 da IS2, ka ɗaura tsarin siginar a kansu, ka riƙa danna su da linzami kana kallon launi. Idan tsarin ya yi daidai a nan, sai ka mayar da sensoshin gaske. Ta haka duk matsalar da ta taso ka san gidan da take.

Game da zango uku: ga jirgi ɗaya ya isa, muddin kowane zango ya fi jirginka mafi tsawo tsayi. Amma ka ce kana son ƙara na biyu. A zango uku ba wanda zai ga kore, ɗaya na kallon ja ɗaya na kallon ruwan ɗorawa. Kowane jirgi yana son nasa zangon da fanko biyu a gabansa kafin ya ga kore, jirgi biyu ke nan zango shida. Dalilin da nawa ya kai shida ke nan.

Idan ka sa mararraba ko layin ratse, lokacin ne Signal Mast Logic, wani tsarin sigina na JMRI, zai fi maka amfani, domin yana iya bin zanenka ya gano wace sigina ke kallon wace, amma sai zanen ba shi da guntun layin da aka bari babu zango. Kuma bayan kunna kwamfuta, ka juya kowace mararraba sau ɗaya; muddin manhaja ba ta san inda ta fuskanta ba, siginarta ba za ta bar ja ba. Ka kuma sani sigina ita kaɗai ba ta tsayar da jirgi, nuni kawai take yi. Tsayawa da kai aikin Dispatcher ne ko Warrants, sassan JMRI masu tuƙa jirgi da kansu, wannan sai wani zaman.

Ka riƙa adana fayil ɗin saitinka bayan kowane gyara. An taɓa ɗauke wuta ina tsakiyar aiki a kwamfutar tebur, saitin sigina shida ya tafi, na sake daga farko.

Yi gwajin taragon nan yau in Allah ya yarda, ka turo mana hoton teburin sensa da na zanen layin, da sunan na'urar gano jirgin da kake amfani da ita. Da na gani zan faɗa maka wace sensa ce ta kowace sigina.